Naira ɗaya tsakanin rasit da waya: yadda harsunan kwamfuta ke saɓawa wajen rubuta lamba

Kawuna yana da shago a Computer Village da ke Ikeja. Caja da kebul da batir da murfin waya yake sayarwa, sari da ɗai-ɗai. Wata Asabar bayan la'asar ya kira ni, muryarsa ba yadda na saba jin ta ba. Ya ce, "Ɗana, ka zo ka duba min abin nan da ka haɗa. Kullum lissafi sai ya ƙi cika." Na hau danfo daga Agege, na iske shi zaune da ƙunshin rasit a gabansa an ɗaure da roba, yaron shagon kuma yana tsaye a gefe ya sunkuyar da kai. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba: yau naira goma sha ɗaya, jiya bakwai, shekaranjiya ashirin da uku. Abin da rasit suka tara ba ya kai abin da wayar Kawu ke nuna masa da dare. Ya ce shi ba kuɗin ne suka dame shi ba. Wanda ya iya zare naira bakwai kullum, in ji shi, ran da ya samu hanya dubu bakwai zai zara.

Yaron bai ɗauki ko kwabo ba. Manhajoji biyu na haɗa wa shagon. Wadda ke kan kwamfuta tana buga rasit da harshen kwamfuta na Python na rubuta ta, wadda ke wayar Kawu tana nuna masa cinikin yini kuma da harshen Java. Lissafi ɗaya na ba su, umarni ɗaya, har alamomin da na rubuta kusan iri ɗaya ne. Suka fitar da amsa biyu.

Lamba a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta da kama. Ba ta da waƙafi, ba ta da ɗigo, ba ta da alamar naira, jerin sifili da ɗaya ne kawai. Idan za a nuna wa mutum ita, sai mai shirya manhaja ya ba da zubi, kamar yadda mai yin bulo ke zuba ƙasa a kwali ta fito da siffarsa. Shahararren zubin da duniya ta sani shi ne na printf, umarnin buga rubutu a harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs ta Amurka wajajen 1972. A can, %d na nufin a sa cikakkiyar lamba a nan, %s a sa rubutu, %.2f kuma a sa lamba mai gurbi biyu bayan ɗigo. Java da Python da Go da PHP duk sun ari waɗannan alamomi. Nan tarkon yake. Mutum ya ga alama ɗaya a harsuna biyar, sai ya ɗauka hukunci ɗaya ne a bayanta, alhali kowane harshe da nasa alƙalin.

Ga abin da ya faru a shagon. Caja ta naira 3,500, harajin VAT kuma tun watan Fabrairun 2020 kashi 7.5 cikin ɗari ne, ya kama naira 262.5 ke nan. Kawu ya ce kada a riƙa cika masa rasit da kwabo tunda babu mai riƙe shi a Legas, don haka na ce wa kowace manhaja ta dunƙule harajin zuwa cikakkiyar naira da %.0f. Python ta rubuta 262. Java ta rubuta 263.

Java ta bi abin da aka koya mana a firamare: in ya kai biyar a hau sama. Haka Excel ke yi, shi ya sa akanta zai ce ita ce ke da gaskiya. Python kuwa, da C a kan Linux, da Go, in lamba ta tsaya daidai tsakiya sai su duba maƙwabtanta biyu su zaɓi cika su bar mara. Tsakanin 262 da 263, cika ita ce 262. Ba wauta ba ce. In kullum sama ake hawa da rabi, bayan ciniki dubu jimillar za ta karkata gefe guda, amma in wani lokaci aka hau wani lokaci aka sauka, kura-kuran sai su cinye juna. Wannan shi ne tsarin da ƙa'idar IEEE 754 ta 1985 ta ɗauka a matsayin na asali, ƙa'idar da William Kahan ya yi fice wajen tsara ta, kuma kusan kowace kwamfuta da waya da ke hannunmu yau a kanta take lissafin lambobi masu ɗigo.

Abin da ya sa kuskuren ya daɗe bai bayyana ba shi ne ba kullum suke saɓawa ba. Kayan naira 4,500 harajinsa 337.5 ne. Java ta hau zuwa 338, Python ma ta zaɓi cika, 338 ɗin dai. Na naira 2,500 ma bakinsu ɗaya, 188. Amma 1,500 da 3,500 da 5,500 duk sai an samu naira ɗaya a tsakani. Ranar da na gwada manhajojin kafin in miƙa su, farashin da na jarraba duk irin waɗanda suke jituwa ne. Shi ya sa ɓacewar ba ta da tsari a idon Kawu, ta yi kama da aikin hannun mutum.

Ko a cikin harshe ɗaya ba a tsira ba. Java ɗin nan da kayan zubinta mai suna String.format ke hawa sama, tana da wani kayan aikin mai suna DecimalFormat wanda shi kuma cika yake zaɓa in ba a hana shi ba. Python kanta ta sauya ra'ayi: a Python 2, round(2.5) na ba da 3.0, amma daga Python 3 da ta fito a ƙarshen 2008 amsar ta koma 2. Wanda ya kwaso tsohuwar manhaja ya ɗora a kan sabuwar Python, lissafinsa ya canza bai taɓa ko layi ɗaya ba.

Akwai wani rami a ƙarƙashin wannan da ya fi zurfi, kuma shi ne ya fi rikita masu koyo. Ka ɗauki 1.005 ka ce a bar mata gurbi biyu. Kowa zai ce 1.01. C ta ce 1.00, Python ta ce 1.00, JavaScript ma da toFixed(2) ta ce 1.00, alhali ita JavaScript sama take hawa in an ba ta 262.5. Java kuma ta ce 1.01. To me ya raba su? Ka tuna yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa in za a rubuta shi da lambobinmu na goma-goma, 0.3333 har takarda ta ƙare. Kwamfuta da lissafin biyu-biyu take aiki, a wajenta ɗaya bisa goma ne ba ya ƙarewa. Rabi da kwata da ɗaya bisa takwas suna zama daram, shi ya sa 262.5 ta tsaya daidai tsakiya. Amma 1.005 ba ta da mazauni, sai a ajiye mafi kusa da ita, wato 1.00499999999999989 da 'yan kai. C da Python da JavaScript wannan ainihin abin da aka ajiye suke dubawa, su ga bai kai rabi ba, su sauka. Java kuma takan fara mayar da lambar zuwa gajeren rubutunta, 1.005, sannan ta ga biyar ta hau. Kowa a kan hujjarsa yake. Wannan ramin ne ya sa in ka rubuta 0.1 + 0.2 a Python ko JavaScript za ka ga 0.30000000000000004. Na sha ganin matasan da ke koyon shirya manhaja a Yaba sun ci karo da wannan lamba sun ɗauka kwamfutarsu ce ta samu matsala.

Manyan kuɗi kuma nasu salon daban. In ka bar harshe ya rubuta lamba mai ɗigo yadda ya ga dama ba tare da zubi ba, akwai inda yake gajiya da jera sifili ya koma rubutun masana kimiyya. Java tana yin haka daga miliyan goma: naira 10,000,000 sai ta fito 1.0E7. Go da Println ɗinta miliyan ɗaya ma 1e+06 take rubuta ta. C++ in ba a ce mata komai ba lambobi shida kawai take nunawa, ta mayar da 1234567 zuwa 1.23457e+06, ta haɗiye na ƙarshe. Python sai an kai lamba mai sifili 16 take sauyawa, JavaScript kuma 21. Ka ɗauka dillalin tumatir ne a Mile 12 ko mai shanu a mayankar Oko-Oba, inda miliyan goma ba baƙuwar lamba ba ce. Manhajar za ta yi wata da watanni lafiya lau, sai ranar da ciniki ya fi kyau ta nuna masa abin da ba zai iya karantawa ba.

Sai batun waƙafi da ɗigo, wanda mu a Legas ya shafe mu kai tsaye saboda iyakarmu da Jamhuriyar Benin ta Seme tana nan kusa. Mu da Ingila da Amurka 3,762.50 muke rubutawa. Faransa da ƙasashen da ta raina waƙafi suke sawa a gurbin ɗigo, su raba dubbai da ɗan fili: 3 762,50. Jamus 3.762,50. Indiya kuma dubu ɗari 1,00,000 take rubuta ta. Shin harshen kwamfuta yana duba ƙasar mai na'ura kafin ya rubuta? C ba ta dubawa sai an kira setlocale. Python ba ta dubawa sai an nema. Java tana dubawa sai an hana ta. Abokin cinikin Kawu da ke Kwatano, mutumin Maraɗi, ya sa manhajar a wayarsa mai Faransanci, String.format ta shiga rubuta masa kuɗi da waƙafi. A kan allo ba laifi, haka ya saba gani. Matsalar ta zo ne da aka tura wannan rubutun zuwa kwamfutar Ikeja, Python ta ga 262,50 ta ce ita ba ta san wannan a matsayin lamba ba. Wasu wayoyin da aka saita da Larabci ma da lambobin Larabci suke fitar da %d. Rubutun da mutum zai karanta daban, wanda na'ura za ta karanta daban, kuma na biyun dole a ɗaure shi da tsari guda wanda bai damu da harshen waya ba.

Abin da ya fi ci min rai a wannan fage shi ne haruffanmu. A zubin printf ana iya cewa %-10s, wato a ware wa suna gurbi goma, abin da ya rage a cike da fili, don jerin ya miƙe sambal. Goma na me? Nan ma aka rabu. C bayit take ƙirgawa, wato ƙaramin ma'aunin wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba haruffa ba. A tsarin ajiye haruffa na UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, haruffan Turanci bayit ɗaya-ɗaya suke ci, amma ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, kowanne biyu yake ci, alamar ₦ kuma uku. Bilkisu harafi bakwai ne, bayit bakwai. Ɗanladi harafi bakwai ne, bayit takwas. Ƙanƙara bakwai ne, bayit tara. Don haka C za ta ba Bilkisu fili uku, ta ba Ɗanladi biyu, Ƙanƙara ɗaya, jeri ya karkace kamar katangar da aka gina ba igiya. Na ga wannan da idona a wata Islamiyya da ke unguwarmu, inda wata tsohuwar manhaja ke buga sakamakon jarabawa. Duk ɗalibin da sunansa ke da lanƙwasa, makinsa ya goce daga ƙarƙashin layinsa. Maganin da malaman suka samo shi ne su daina sa lanƙwasa gaba ɗaya. Manhaja ta gaza, harshe ya biya bashin. Haka muka wayi gari yaranmu na ganin ƙasa da kasa a rubuce iri ɗaya, kuma ni ban yarda wannan ƙaramin abu ba ne.

In aka zo yanke rubutu abin ya fi muni. %.5s a C na nufin a ɗauki bayit biyar na farko. A Ƙanƙara, Ƙ ta ci biyu, a da n sun ci biyu, na biyar ya faɗa tsakiyar ƙ ya raba ta gida biyu, sai a ga wata baƙar alama mai ayar tambaya a ciki. Python 3 ba ta da wannan ciwon, haruffan Unicode, tsarin haruffan duniya, take ƙirgawa ba bayit ba. Go ma haka, kuma ba abin mamaki ba ne tunda Thompson da Pike ɗin nan suna cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta a Google. Java da JavaScript suna ƙirga ƙ a matsayin ɗaya, amma 'yar fuskar murmushin nan da ake turawa a WhatsApp biyu suke ganin ta. Maƙwabtanmu Yarabawa sun fi mu shan wahala, domin harafinsu kan ɗauki ɗigo a ƙasa da alamar murya a sama lokaci guda. Ọ̀ṣun a ido harafi huɗu ne, Python biyar za ta ƙirga, C kuma goma. Swift na kamfanin Apple na cikin ƙalilan da ke ƙirga abin da ido ke gani. Mai shirya wa Legas manhaja, inda rasit ɗaya kan ɗauki sunan Bahaushe da Bayarabe da Ibo, ba shi da uzurin rashin sanin wannan. Bayan duk wannan kuma, ƙaramar firintar rasit mai gurbi 32 a layi tana iya rasa harafin kwata-kwata, shi ya sa kake ganin NGN a takardun POS da yawa maimakon ₦.

Harsunan sun kuma bambanta a halinsu in ka yi musu kuskure, kuma a nan ne za ka san ɗabi'ar kowanne. Ka rubuta talla ka ba printf kai tsaye: "Ragin 10% domin Sallah". Kai alamar kashi cikin ɗari kake nufi. Ita kuwa ta ga % da fili da d, wanda a ƙa'idarta umarni ne sahihi na a sa lamba a nan. C ba za ta tambaye ka ba. Za ta miƙa hannu cikin ƙwaƙwalwa ta ɗauko duk abin da ta tarar, ta buga Ragin 10, wata lambar da ba ka san ta ba, sannan omin Sallah. Java tsayawa za ta yi cak ta yi ƙorafi, manhajar ta rufe a hannun mai shago in ba a tare ba. Go za ta ci gaba, amma ta bar maka shaida a tsakiyar jimlar: %!d(MISSING). Harshen Rust ya bar alamar % ya koma baka irin wannan {}, kuma in zubi da kayan da aka ba shi ba su dace ba, tun wajen harhaɗa manhajar zai ƙi, manhajar ba za ta fito ba balle ta kai shago. Gyaran dai sauƙi gare shi, a rubuta %% ko a ba da saƙon ta hanyar %s.

Sakacin C ɗin nan ba ɓata rasit kawai yake yi ba. Tana da wata alama %n wadda ba bugawa take ba, rubutu take yi cikin ƙwaƙwalwa. In manhaja ta ɗauki abin da baƙo ya rubuta ta miƙa wa printf a matsayin zubi, ta ba shi alƙalami ke nan ya rubuta inda ya so. A shekarar 2000 aka bankaɗo irin wannan ɓaraka a manhajar tura fayiloli ta wu-ftpd, masu kutse suka riƙa ƙwace kwamfutoci ta nan. A Java kuwa %n ɗin nan ba komai ba ce illa a sauka sabon layi.

Na kwana biyu ina gyaran manhajojin Kawu, kuma yawancin aikin cirewa ne. Na fitar da kuɗi daga lambobi masu ɗigo gaba ɗaya, na mayar da komai kwabo. Tun 1 ga Janairun 1973 da aka fito da naira, kwabo ɗari ne ke cikinta, kuma ko da ya ɓace a aljihu bai ɓace a littafi ba. Caja ta zama kwabo 350000, a ninka da 75 a raba da 1000, haraji kwabo 26250 cif, ba saura ba tantama. Haka Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ke karɓar kuɗi daga manhajoji, da kwabo. Sai dai a kula da girman ma'ajin: cikakkiyar lamba mai bit 32, wato gurbi 32 na sifili ko ɗaya, a 2,147,483,647 take tsayawa, wanda a kwabo naira miliyan 21 da 'yan kai ne kawai. A Java ma'ajin da ake kira long ake ɗauka, mai bit 64. A C kuwa long ɗin kanta 32 ce a Windows, 64 a Linux na zamani, wata saɓanin ke nan. Lambar asusun banki mai gurbi goma da lambar waya kuma na bar su a matsayin rubutu, don kada sifilin farko ya faɗi.

Na kuma hana wayar yin lissafi. Wuri ɗaya ne yanzu ke lissafa haraji, wuri ɗaya ke dunƙulewa, kwamfutar shago. Wayar abin da aka ba ta take nunawa. Zubi ya koma aikinsa na ƙarshe, ya yi wa lamba ado bayan an gama hukunci a kanta.

Saura hukuncin kansa, wanda ba nawa ba ne, ba na Python ko Java ba. Na koma shagon ranar Talata da safe, ana ta hayaniyar buɗe rumfuna, masu gyaran waya na kiran masu wucewa. Na ce, "Kawu, in kuɗi ya tsaya a naira da rabi, rabin nan wa za a bar wa, ku ko mai saye?" Ya yi shiru yana jan carbi. Ya ce harajin gwamnati a rubuta shi daidai har kwabonsa, tunda ba nasa ba ne. Amma abin da mai saye zai biya, a sauke masa rabin. Ya ce gara shago ya yi asarar kwabo hamsin sau dubu da ya tashi gobe kiyama da haƙƙin mutanen da bai san inda zai same su ba. Na rubuta hakan a layi uku.

Sannan ya ɗauki rasit guda na naira 3,500, ya ɗora kusa da wayarsa, ya sa na sake nuna masa 262 da 263 ɗin da suka jawo maganar. Ya daɗe yana kallo. Ya kira yaron daga bayan kanta, ya kama hannunsa a gaban maƙwabtan shago biyu da suka ji zargin tun farko, ya ce, "Na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba. Ka yafe ni don Allah." Yaron ya durƙusa ya ce, "Ba komai, Baba, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Kawu ya ciro makullin durowar kuɗi daga aljihun jamfarsa, wanda ya karɓe makonni uku da suka wuce, ya mayar masa.